GONA DA MAKARANTA NA TAKARAR YARO ƊAYA A YANKIN KURA DA BUNKURE

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da sanyin safiya a cikin watan Fabrairu, da ya wuce Kura zai ga abu biyu kafaɗa da kafaɗa. Ga manyan motoci ana jibga musu kwandunan tumatir, ga kuma yara sanye da kayan makaranta suna tafe a bakin hanyar ruwa, rungume da littattafansu. In ya ƙara lura, zai ga waɗansu daga cikin masu fito da kwandunan nan daga gona tsararrakin masu tafiya makarantar ne. Jiya a benci ɗaya suka zauna, amma yau ranar tsinka ce a gonar gidansu.

Wannan matsala ta shafi kowace makarantar firamare a ƙasar noman rani, amma ta fi fitowa fili a ƙananan makarantun da 'yan Katolika ke riƙe da su a ƙauyuka, domin su da gumin iyaye suke tafiya. Gonar da ke biyan albashin malami, ita ce kuma ke ɗauke masa ɗalibi.

Yadda Ruwa Ya Sake Shekara

Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, shekarar manomi a kudancin Kano kashi biyu ce. Da damina a yi noma, da an gama kaka kuwa sai a shiga gyaran gida, da saƙa, da rini, da fatauci, samari kuma su tafi cin rani. A lokacin, yaro yana da watanni masu yawa waɗanda gona ba ta bukatarsa.

Gwamnatin marigayi Audu Baƙo ce ta gina madatsar a kan Kogin Kano, aka kammala ta a cikin shekarar 1974, daidai lokacin da farin nan na 1973 ya nuna wa kowa haɗarin dogara da ruwan sama kaɗai. Daga Tiga aka jawo babbar hanyar ruwa zuwa filayen Kadawa, aka rarraba ta cikin ƙasashen Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta kimanin 22,000, daga baya kuma kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

A cikin wannan shekara ta 1976 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Watau ke nan, a lokacin da aka ce kowane yaro ya zo makaranta, a lokacin ne gona ta fara neman hannunsa rani da damina. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Hutun manomi ya ƙare, amma tsarin zangon karatu bai san da haka ba.

Su Wane Ne Masu Makarantun?

Mai karatu na iya tambaya, ina 'yan Katolika suka fito a ƙauyukan Kano? Amsa ita ce yawancinsu 'yan ƙasa ne, jikokin Maguzawa, watau Hausawan da suka daɗe suna bin addinin gargajiya a gidajensu na noma da ke warwatse a kudancin jihar. Da yawa daga cikinsu sun musulunta, waɗansu kuma suka shiga addinin Kirista, kuma su sun fi son a kira su Hausawa Kirista. Hausa ce harshensu na gida, da ita suke addu'a, da ita suke ciniki a kasuwa.

A zamanin Turawa, hukuma ta taƙaita ayyukan Mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda haka makarantunsu na farko a Kano a bayan ganuwa suka tsaya, wajen Sabon Gari da kewayenta. A cikin 1948 ne Sistocin St. Louis suka iso Kano daga ƙasar Ailan, suka kama aikin koyarwa, kuma makarantun da ke ɗauke da sunansu sun yaye 'ya'yan Musulmi da na Kirista masu yawa. Shiga ƙauyukan Maguzawa kuwa sai a hankali ya zo. A cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun Mishan da dama a faɗin ƙasar nan, amma daga baya majami'u suka sake buɗe nasu. Kano ta sami cikakkiyar dayosis ta Katolika a 1999, Bishop Patrick Sheehan ne ya fara riƙe ta, a 2008 kuma Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi.

Makarantar ƙauye ba ta kama da ta birni. Sau da yawa 'yan ɗakuna ne a jikin coci, wani lokaci ma cocin kanta ce aji daga Litinin zuwa Jumma'a. Fada yana da ƙauyuka da yawa a ƙarƙashinsa, sai ya zagayo, saboda haka katikis da hedimasta su ne idon makaranta kullum. A inda makarantar gwamnati ta yi nisa, ba abin mamaki ba ne a ga maƙwabci Musulmi ya kawo ɗansa, domin mutanen nan dangin juna ne, kuma ruwa ɗaya suke rabawa a gona.

Daga Ƙararrawa Zuwa Tashi

Ranar makaranta da shara take farawa. Daga nan a jeru, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da tsabtar tufafi, sa'an nan kowa ya shiga aji. 'Yan aji ɗaya zuwa uku da Hausa suka fi fahimtar darasi, kamar yadda manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanada cewa a fara da harshen da yaro ya tashi da shi, manya kuwa a ƙara musu nauyin Turanci da lissafi. Idan aka tashi tara, sai a yi dafifi wajen masu ƙosai da ɗanwake da rake. Wanda ba shi da kuɗin tara, abokinsa ya gutsura masa.

Iyaye ba 'yan kallo ba ne. In iskar farkon damina ta yaye kwano, maza ne za su yi gayya su mayar. Matan Zumunta su ke dafa abincin ranar ba da sakamako, su kuma kan bi gida gida in yarinya ta daina zuwa. Da kaka, lokacin bikin godiya a coci, akan kawo shinkafa da kaji da awaki a yi gwanjonsu, wani kaso na kuɗin ya shiga sayen alli da gyaran benci. Kuɗin makaranta ma sau da yawa sai an sayar da amfanin gona ake biya. Shi ya sa a 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatirin Kano, asarar ba a gona kaɗai ta tsaya ba.

Abin Da Rajista Ke Faɗa

Wanda ke son sanin halin da gona take ciki, ya duba rajistar aji. Zango na farko, daga Satumba zuwa Disamba, da cikar aji yake farawa. Amma da shinkafa ta fara nuna sai a bukaci masu korar tsuntsu, kuma aikin nan na yara ne, tun daga fitowar rana har faɗuwarta, domin jan-baki ba ya jiran a tashi daga makaranta. Bayan haka ga yanka, ga bugu, ga dashen tumatir, ga shukar alkama kafin sanyi ya kama sosai. Jarrabawar ƙarshen zango a tsakiyar wannan hidima take faɗowa.

Zango na biyu, daga Janairu zuwa wajen Ista, shi ne mafi wuya. Tumatir ba ya jira. In ya nuna, tilas a tsinke shi a kai Kwanar Gafan ko bakin titi kafin rana ta lalata shi, kuma yaron da ya yi yini yana tsinka ko dako yana komawa gida da kuɗi a aljihu. Wanda ya ɗanɗana wannan yana ɗan shekara goma sha biyu, da wuya malami ya shawo kansa da zancen amfanin da zai gani bayan shekara goma. 'Yan mata kuma ga talla, ga taya iyaye mata turara shinkafa, ga rainon ƙanne in uwa ta tafi aikin gona.

Zango na uku kuwa, wanda 'yan aji shida ke shirin jarrabawar shiga sakandare a cikinsa, shi ya haɗu da gyaran gona da dashen shinkafar damina. Babu zango ko ɗaya, ke nan, da yaro yake na makaranta ita kaɗai.

Ruwan Da Ke Ba Da Abinci

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta da ƙara. Hanyoyin ruwa su ne wurin wanka da wanki da wasan yara, musamman da bazara. A cikin ruwan da ke tafiya a hankali ne ƙananan dodon-koɗi ke zama, su ne kuma ke ɗauke da tsutsar da ke haddasa tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata. Yaro ya riƙa fitsarin jini, jininsa ya ragu, ya zauna a aji a gajiye. Waɗansu iyaye har yanzu suna ɗaukar abin tamkar alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce mai magani. Ƙwayar Praziquantel tana kashe tsutsar, akan kuma auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai kima, shi ya sa makaranta ta zama wuri mafi sauƙi na raba ta. Amma yaron da ke gona ranar rabo, shi ne wanda ya fi shiga ruwan, shi ne kuma ke rasa maganin. Ga sauro, wanda ruwan kwance ya sa ba ya ɗaukewa ko da rani.

Abin Da Ya Rage

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce tilas kowane yaro ya yi karatun shekara tara, Gwamnatin Kano ta ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Duk da haka, doka ba ta korar tsuntsu daga gonar shinkafa. Uban da ya riƙe ɗansa ranar tsinka ba maƙiyin boko ba ne. Lissafi ya yi, ya ga ladan ɗan ƙwadago ya fi ƙarfin aljihunsa.

Abin da ƙananan makarantun nan suka fi ƙarfi a kai shi ne sanin juna. Malamin da ke zaune a ƙauyen ya san gonar kowane gida, ya san ranar da ruwa ke zagayowa ɓangarensu, yana kuma haɗuwa da uban yaro ranar Lahadi ko ranar kasuwa. Da wannan sani ana iya shirya darasin yamma ga wanda ya rasa na safe, a kuma yi yarjejeniya da iyaye cewa makon jarrabawa ba a taɓa shi.

Sauran aikin kuwa na jami'an ilmi ne da na lafiya. Ya kamata a sa irin waɗannan makarantu cikin jerin waɗanda sufeto ke ziyarta, da waɗanda ake kai wa magani da littattafai, a kuma duba ko za a bar wa ƙananan hukumomin noman rani damar matsar da hutun tsakiyar zango ya dace da makonnin da aiki ya fi tsanani. An kashe dukiya mai yawa an kawo ruwa daga Tiga domin mutanen Kura da Bunkure su wadata. Zai zama asara babba in 'ya'yansu suka tashi sun iya cika kwando, amma ba su iya karanta takardar cinikinsa ba.