Tecno, Redmi ko Samsung: Me ya kamata mai sayen waya a Kajiji ya duba?

A Kajiji, garin da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega, mai sayen waya yakan fara tambayar batir kafin kyamara. Wuta ba ta da tabbas, shi ya sa rumfar mai caji take cika da wayoyi jere a kan katako, kowace da lamba manne a bayanta. Sabbin Tecno Spark, Infinix Hot da Redmi yawanci suna zuwa da batir mai mAh 5,000 ko fiye, da caja cikin kwali. Samsung Galaxy A16 ta 2024 ma tana da 5,000, sai dai sau da yawa kan cajar daban ake sayensa.

Inda Samsung ta yi zarra shi ne alƙawarin sabunta manhajar wayar har shekara shida. Mutane ba su cika tambayar wannan ba, alhali yana taimakawa wajen kare manhajar banki daga 'yan damfara.

Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma gilashinsu ya fi sauƙin samu wurin masu gyara. Ita kuwa 5G, wadda MTN ta ƙaddamar a 2022, ta fi ƙarfi a manyan birane, don haka ƙarin kuɗi dominta ba ya da amfani ga mazaunin Kajiji a yanzu.