Me Ya Sa Na'urar Auna Batir Take Yin Ƙarya?

A Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, batirin sola shi ne jarin mai shagon cajin waya. Batirin ruwa mai volt 12 yakan nuna kusan 12.7 idan ya cika, 12.2 kuma idan ya kai rabi. Rabin volt ne kacal tsakani, kuma batirin da ake yawan zuƙewa ƙasa da rabi ba ya yin ƙarko.

Matashin da ya haɗa na'urar gadin batir da allon Arduino Uno zai iya ganin tana cewa batir a cike yake alhali cajinsa ya yi ƙasa. Ƙwaƙwalwar allon, ATmega328P, ba ta san volt ba. Wutar batir da aka rage mata da rizisto biyu take gwadawa da wani ma'auni, ta raba shi gida 1024. Kamar tiya ce a kasuwa: in ta lotse, duk awon da aka yi da ita ya ɓaci. In ba a canza ba, ma'aunin shi ne volt 5 ɗin da ke kunna allon, wanda daga cajar USB yana iya zama 4.75 ko 5.25. Wannan kashi 5 cikin ɗari ya kai volt 0.6 a batir, ya ma wuce tazarar da ake son ganewa.

Akwai ma'aunin ciki na volt 1.1. Ba ya yawan motsi, amma kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar ya yarda ya faɗa ko'ina tsakanin 1.0 da 1.2, sai an daidaita kowane allo da mita.

A ganina ma'aunin waje ya fi. LM4040 mai volt 4.096 yana sa kowane gida cikin 1024 ɗin ya zama milivolt 4 cif, lissafi ya zo da sauƙi. TL431 mai 2.495 ya fi araha, ana ma tsintarsa a tsofaffin caja, sai dai na gama-gari yana iya kaucewa da kashi 2 cikin ɗari. A kuma duba yadda kowanne ke jure zafi, don rumfar kwano a watan Afrilu ba wasa ba ce.

Mai haɗawa, kafin ka jona ma'aunin waje a ƙafar AREF ta allon, ka sanar da allon a cikin manhaja cewa ma'aunin waje zai bi. In ba haka ba, ƙwaƙwalwar na iya lalacewa.