Makin Wasanni a Makaranta da Lafiyar Ƴaƴanmu

Yau za mu tattauna wata magana da ta shafi ƴaƴanmu da ke karatu a makarantun Yamai. Maganar ita ce makin da ake ba su a darasin motsa jiki, da yadda wannan maki yake taɓa lafiyarsu.

A ƙasarmu Nijar, motsa jiki darasi ne kamar sauran darussa. Malami yana gwada yaro a gudu da tsalle da jifa, ya ba shi maki bisa 20. Haka kuma akwai gwajin wasanni a jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya. Malaman wannan fanni ana horar da su a makarantar INJS da ke Yamai.

Idan yaro ya shiga lise, akan raba ɗalibai rukuni-rukuni. Rukunin A su ne masu karatun adabi da harsuna da falsafa. Rukunin C da D su ne masu lissafi da kimiyya. Kowane darasi yana da nauyinsa a lissafin maki. Ga ɗan rukunin A, falsafa da Faransanci sun fi wasanni nauyi nesa ba kusa ba. Shi ya sa yaro kan ce gara ya zauna da littafi da ya ɓata lokaci a fili.

To, ina amfanin maki, ina illarsa? Amfaninsa shi ne yana fito da yaron da ba ya son fita. Illarsa kuwa iri uku ce.

Ta farko, wanda ke gudu don maki kaɗai, ranar da aka gama jarrabawa ranar yake ajiye takalmi. Jiki kuwa kamar gona yake: noman shekara ɗaya ba ya ciyar da gida har abada.

Ta biyu, idan sauri da ƙarfi kawai ake aunawa, mai ƙarfi ne kullum ke cin riba. Yaro mai ƙiba, ko yarinya mai jin kunya, sai su riƙa samun maki kaɗan har su tsani darasin. Alhali su ne suka fi bukatarsa. Daga nan wasu iyaye kan nemo takardar likita don a ɗauke wa yaro wasanni, ko da lafiyarsa lau.

Ta uku, yaron da ya zauna shekara guda yakan tashi gudu da ƙarfi gab da jarrabawa. Wannan lokaci ya kan zo daidai da bazara, sa'ad da zafin Yamai ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Jikin da bai saba ba yana iya samun jiri, ko targaɗe, ko suma saboda ƙarancin ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki minti 60 a kowace rana. Babba kuma ya yi aƙalla minti 150 a mako. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni, kuma ƴan mata sun fi yawa a ciki. Darasin makaranta shi kaɗai ba ya cika minti 60 na kullum. Rashin motsi kuwa yana share wa hawan jini da ciwon suga hanya idan girma ya zo.

Mu da muka tashi a karkara, hauya da guga da turmi sun ishe mu motsa jiki. Ɗan birni kuwa babur ko tasi ke kai shi makaranta. Saboda haka dole a sama masa abin da zai maye gurbi.

Muna roƙon malamai su riƙa duba ƙoƙarin yaro da ci gabansa, wato inda ya faro da inda ya kai, tare da saurinsa. Iyaye kuma kada mu nemi takardar likita sai da ciwo na gaskiya. Mu bar yara, maza da mata, su taka da ƙafa idan makaranta ba ta da nisa. Su yi wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar, su sha ruwa sosai. Ƙwallo, langa, kokowa da igiya duk motsa jiki ne, kuma ba sa cin kuɗi.

Ƙasar da ta haifi Issaka Dabore, wanda ya ciwo tagulla a dambe a wasannin Olamfik na 1972, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciwo azurfa a takwando a 2016, ba ta rasa masu ƙarfi ba. Abin da muke nema shi ne kowane yaro ya saba da motsi tun yana ƙarami, ko da maki ko babu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.