Kiwon kifin malam-buɗe-littafi a tankin murjani: na'urori da wutar da yake buƙata a zafin Zamfara

Mai yawan duba YouTube ko TikTok da wuya bai ci karo da bidiyon tankin gilashi mai shuɗin haske ba, inda wani kifi falle-falle mai ratsin rawaya da fari ke yawo tsakanin rassan murjani. Shi ne kifin malam-buɗe-littafi. Danginsa, Chaetodontidae, suna da nau'i kusan 130, akasarinsu a tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Gaɓar Afirka ta Yamma ma tana da nata, irin su Chaetodon robustus da Chaetodon hoefleri.

Ga mai sha'awar ajiye shi a Banga, ko cikin garin Ƙaura Namoda, ko Shinkafi da Zurmi, kuɗin kifin shi ne mafi ƙanƙantar matsala. Teku tana can kudu, fiye da kilomita 700 ko da a miƙe aka auna, don haka duk abin da take yi wa kifi a kyauta, na'ura ce za ta yi shi a ɗaki, dare da rana, ba hutu.

Kifin da ke cin gidansa

Murjanin da ake sawa a tanki ba dutse ba ne. Ƙananan dabbobi ne masu rai, dangin jan murjanin da ake yi wa mata tsakiya da shi, kuma a teku su ne abincin yawancin waɗannan kifaye. Wasu nau'o'in, kamar Chaetodon trifascialis da Chaetodon ornatissimus da Chaetodon meyeri, kusan ba sa cin komai sai murjani mai rai. Suna cikin waɗanda suka fi kyau a hoto, amma a tanki ko dai su cinye murjanin mai tsada, ko su ƙi abinci su rame har su mutu. Sayensu asarar kuɗi ce da zaluntar dabba.

Chaetodon auriga da Chaetodon lunula sun fi juriya, suna karɓar abincin da aka ba su, sai dai su ma suna tsattsagar murjani, don haka wurinsu tankin kifi zalla. Mai dogon bakin nan, Chelmon rostratus, ana son sa saboda yana cinye wata ƙaramar halitta mai suna Aiptasia da ke addabar tankuna, amma shawo kansa ya fara cin abinci aiki ne. Wanda ya fi zaman lafiya da murjani shi ne Hemitaurichthys polylepis, mai farin dala a gefen jikinsa, domin abincinsa ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa ne. Kowanne daga cikinsu na buƙatar tanki mai cin lita 300 zuwa sama. Da ruwa da dutse da gilashi nauyin zai haura kilo 400, ba abin ɗorawa a kan teburin falo ba ne.

Haɗa ruwan teku a ɗaki

Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi, sai haɗaɗɗen gishirin tanki mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauransu, kuma cikon farko na lita 300 zai ci wajen kilo 11. Ruwan rijiya ko na burtsatse ma ba a zuba shi kai tsaye. Sai ya bi ta matatar RO, wadda ke zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba da lita 1 mai tsabta. A garin da ake sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, wannan ma lissafi ne. Ana auna gishirin da ɗan madubin awo da ake kira rifiraktomita, ana neman ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026. Bayan an cika tanki sai a jira mako 4 zuwa 6 kafin a sa kifi, don ƙwayoyin bakteriya masu narkar da gubar kashin kifi su kafu.

Zafi, sannan wuta

Nan ne gizo ke saƙar. Murjani da kifin suna son ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 29 ya daɗe a can, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune cikin jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, daga nan sai mutuwa. A arewacin Zamfara kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya kwana da ɗumi. Su kansu famfunan da fitilun suna ƙara wa ruwan zafi. Da hunturu kuma lamarin ya juya, sanyin asuba na Disamba da Janairu sai an sa hita.

Mafita mai sauƙin kuɗi ita ce fanka da ke hura saman ruwan. Dabarar randa ce: ruwan da ya tashi ya bi iska yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskar bazara tana taimakawa, har a samu ragin digiri 2 zuwa 3. Illarta ita ce ruwa ke tafiya, gishiri yana nan, don haka sai an haɗa da ɗan famfo mai na'urar lura da ke cike gurbin da ruwa marar gishiri da kansa. Ragin digiri 3 kuma ba zai isa ba a watan Afrilu. Dole sai na'urar sanyaya ruwa mai kwamfureso irin na firji, ko kuma a sa tankin a ɗaki mai AC.

Ga lissafin kimantawa na tanki mai lita 300. Famfon da ke zagaya da ruwa, da ƙananan famfuna biyu masu kaɗa shi kamar igiyar teku, da na'urar da ke kwashe datti cikin kumfa, a ce duka wat 80 ne. Cikin awa 24 sun ci kusan kilowat-awa 2. Fitilar LED mai wat 100 na awa 10 ta ci 1. Na'urar sanyaya ruwa mai wat 300, idan ta yi aikin awa 10 a ranar zafi, ta ci 3. Jimilla wajen 6 ke nan kowace rana. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe 2.4, kuma rabi kawai ake so a ja idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan ana maganar batirin litiyam mai kilowat-awa 5, da farantan sola huɗu masu wat 400, da inbata mai tsabtar wuta wadda ba za ta ƙona famfo ba. Ƙurar hunturu tana rage wa faranti ƙarfi, sai an riƙa gogewa.

Wutar gari ta kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda ke kula da Zamfara, sai dai ta zama ƙari. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Tankin ruwan gishiri kuwa ba ya jure ko da wuni ɗaya: ruwa mai ɗumi da gishiri ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, idan famfo ya tsaya, cikin 'yan awoyi kifi ya fara haki. Shi ya sa famfunan DC irin na Jebao, waɗanda za a iya haɗa wa batirinsu na daban, suka fi dacewa.

Akwai na'urorin lura, daga ɗan Inkbird mai kunna hita da fanka da kansa har zuwa Neptune Apex mai aika gargaɗi a waya. Gara wadda ke yanke hukunci da kanta ba sai da intanet ba. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar na makonni.

Saura jigila. Kifin zai shigo ta Legas cikin leda mai iskar oksijin, ya hau wani jirgin zuwa Kano ko Sakkwato, sannan mota zuwa Gusau da Ƙaura, kowace awa kuma tana rage masa ƙarfi. Idan ya iso sai ya yi wajen mako 4 a tankin killacewa, domin maganin cutar fararen ɗigo yakan ƙunshi sinadarin tagulla, wanda ke kashe murjani. Shi murjani mai tauri kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, shigo da shi sai da takardar izini.

Na gida, mai ruwan daɗi

Najeriya tana da nata kifin mai wannan suna, ko da yake ba su da dangantaka da na teku. Pantodon buchholzi yana rayuwa a ruwan daɗi na ƙasan kogin Neja, da kogin Ogun, da kogin Kuros, da yankin tafkin Chadi, kuma yana cikin kifayen ado da ake fitarwa daga Legas zuwa Turai. Masanin dabbobi Wilhelm Peters na Jamus ne ya raɗa masa suna a 1876. Tsawonsa bai cika wuce santimita 12 ba, kuma idan aka leƙa shi daga sama, fuka-fukan ƙirjinsa a buɗe suke tamkar na malam-buɗe-littafi.

Yana jure ɗumin ruwa har digiri 30, yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, ba ya son ruwa mai gudu, ba ruwansa da gishiri ko fitila mai ƙarfi. Tanki mai faɗi na lita 80 zuwa 100, da ƙaramar matata mai 'yan wat kaɗan, da tsirrai masu yawo a saman ruwa sun ishe shi, kuma ƙaramin sola na gida zai ɗauke su. A tsananin bazara dai sai an ajiye shi a ɗaki mafi sanyi an sa masa fanka. Abincinsa ƙwari ne da ke faɗowa saman ruwa: gyare, ƙuda, ƙananan fara, da shinge a farkon damina, muddin ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo su ba. Tankin kuma sai da murfi marar kafa, domin gwanin tsalle ne, musamman da dare.