Kumburin Gwiwar Yaro Ba Sanyi Ba Ne

Da hunturu ya kama sai zancen ya dawo bakin iyaye: wai amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne, in gwiwar yaro ta kumbura to ruwan sanyi ya sha ko a kan siminti ya kwana. Zancen ba shi da tushe, kuma yana nakasa yara. Tun a 1897 likitan yara George Still ya bayyana amosanin yara a Landan. Ma'aunin likitoci a yau shi ne, yaron da bai kai shekara 16 ba, gaɓarsa ta kumbura har mako 6 ba a gano wani dalili ba, wannan cuta ake zargi. Garkuwar jikinsa ce ke juyowa kan tantanin da ya lulluɓe gaɓar, kamar karen gadi da ya koma cizon 'yan gida. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma sakacin uwa ba ne.

Wani zai ce ai yaron ba ya kuka, har ƙwallo yake bugawa. A dube shi da sassafe. Zai sauko daga gado yana ɗingishi, yatsunsa a sandare ya kasa sa maɓallin riga, sai hantsi ya yi ya warware. Wannan warwarewar ce ke yaudarar iyaye, su kai shi wurin mai ɗori a matsa gaɓar da ba ta karye ba. Wasu kuma su yanke cewa sikila ce, tunda ta yi yawa a ƙasar Hausa, alhali ciwon sikila yakan taso da zafi ya lafa cikin kwanaki, kuma gwajin jini yana raba gardama. Shi amosanin yara babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Sai likita ya kawar da tarin fuka na ƙashi, da ƙwayar cuta a gaɓa, da sankarar jini, don haka sakamakon da ya fito lafiya lau bai wanke yaro ba. Abin da ya fi tayar da hankali ido ne: cutar kan kumbura cikin idon ba ja ba zafi har gani ya lalace, shi ya sa dole likitan ido ya riƙa duba shi a kai a kai.

Magani akwai. Ana farawa da irin su ibuprofen, ko allura a cikin gaɓar, sannan methotrexate sau ɗaya a mako, haɗe da gashin ƙashi. Masu gudun methotrexate don sun ji ana ba masu sankara su sani ɗan kaɗan ake bayarwa, kuma ana bibiyar hanta da jini. Abin gudu na gaskiya shi ne dexamethasone da ake saya a kemis: kumburin zai sauka, amma fuska ta cika, ƙashi ya yi rauni, tsawo ya tsaya. Sababbin allurai irin su adalimumab sun fi ƙarfin talaka, likitocin fannin kuma ƙalilan ne a Najeriya, kuma bai kamata hukumomin inshorar lafiya su zuba ido ba. Iyaye, gaɓar da ta yi mako 6 a kumbure, a nemi takardar turawa asibitin koyarwa.