Uwargida, In Mota Ta Ɗauki Zafi A Hanya Fa?

Yau mun ajiye zancen miya da ɗinki, zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da ƙarfe?" To, 'yar'uwa, yi haƙuri ki karanta tukuna. Ke ce ki ke shiga motar kasuwa daga Ajingi zuwa Gaya da goyo a baya. Ke ce a kan ɗauka da tsakar dare zuwa asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Wata ma kuɗin adashinta da na awakinta ta tara ta sayi tsohuwar mota, ta ba ƙane ko ɗa yana jigila. Ashe kuwa da ruwanki. Balle ke mutuniyar Gaya, ai ƙarfe gadonku ne, tun da masu tarihi sun ce maƙeran Gaya ne suka je Dutsen Dala neman tama, har aka sami garin Kano.

Motoci da yawa da ke bin hanyar Wudil zuwa Gaya, da masu ratsewa Ajingi da ƙauyukanta, sun kwana biyu a duniya. Akwai Golf irin wadda aka ƙera tun kafin shekarar 2000. Akwai ragowar Peugeot 504, watau Fijo, ta kamfanin nan da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Tsohuwar mota kuwa kamar tsohuwar mace ce, ba ta jure zafin bazara, lokacin da rana kan wuce digiri 40 daga watan Maris zuwa Mayu.

Daga ina zafin ya ke?

Wuta ce ke ci a cikin inji, don fetur ya ke ƙonawa kafin ya motsa. Abin da ke hana shi lalacewa shi ne ruwa. Akwai famfo mai tura ruwan ya kewaya jikin inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto can gaban mota. A nan iskar hanya da fanka su ke fifita shi, kamar yadda ki ke sheƙa koko tsakanin kwano biyu don ya huce wa yaro. In ya huce sai ya koma ya sake ɗebowa.

Inji ya fi son zama wajen digiri 90. Ruwa kuwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma murfin lagireto yana danne ruwan, ya hana shi tafasa sai ya kai wajen 120. Ki riƙe wannan ƙwarai. Muddin aka buɗe murfin nan da zafinsa, dannewar ta tafi, nan take ruwan zai tafasa ya yi tsiri ya watso a fuskar mai buɗewa da duk wanda ke kusa.

Alamun da za ki gani

In kina kusa da direba, dubi allurar zafi a gabansa. In ta wuce tsakiya tana neman wurin ja, akwai magana. Sa'an nan za ki ji wani ƙauri, ko ki ga tururi na fitowa ta gaban mota, ko mota ta rage ƙarfi tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kada kunya ta hana ki magana. Ki ce, "Malam direba, don Allah duba allurar nan." Watakila ya ce, "Hajiya, ai saura kaɗan mu shiga Gaya." Ki ce masa, "Ɗan nan, sauri ya haifi nawa." Tafiyar 'yan mintoci a haka ta isa ta kashe inji ɗungum.

Abin da za a yi

Na ɗaya, a sauka daga kwalta, a sami inuwa, a kashe mota. Na biyu, ki kwashe yara ku yi nesa da gabanta, don yaro da son kallo. Na uku, a jira tururi ya ɗauke kafin a ɗaga murfin gaba, sa'an nan a bar ta ta sha iska aƙalla rabin awa, har sai an iya riƙe babban tiyo na sama da hannu. Na huɗu, a sa tsumma mai kauri a kan murfin lagireto, a murɗa a hankali, fuska na kallon gefe. Na biyar, a ta da mota, a riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan har ya cika.

Kada a yarda wani ya kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Kin dai san abin da kan sami tukunyar ƙasa in aka sauke ta daga wuta aka zuba mata ruwan randa. Haka kan inji ya kan tsage ko ya lanƙwashe.

Gane inda cutar ta ke

Zuba ruwa ba magani ba ne, sai an san abin da ya shanye na farko. A leƙa ƙarƙashin mota. In ruwa na ɗiga, to, tiyo ya fashe, ko lagireto ya huje, ko famfo na yoyo. A taɓa fambel, in motar mai fambel ce, a ji ko ya saki ko ya tsinke.

Ga wata dabara. In mota ba ta zafi sai a cunkoso, kamar ran Juma'a a bakin kasuwar Wudil, amma da an hau hanya sai allura ta sauka, galibi fanka ce ba ta juyawa. Sau da yawa ɗan fis ne ya ƙone ko waya ta cire. In kuwa sai ana gudu da lodi ta ke zafi, a tuhumi lagireto ko famfo. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka su kan toshe saƙar lagireto ta waje. Ruwan rijiya kuma ya kan bar farin ɓawo a ciki, irin wanda ki ke gani a gindin butar shayi, har hanyoyin ruwa su ƙuntata.

Akwai wata 'yar ƙofa a bakin inji, bakanikai na kiranta tamostat. Ita ke buɗe wa ruwa hanya in ya yi zafi. In inji ya ɗau zafi amma tiyo na sama bai yi ba, ta maƙale ke nan. Waɗansu kan cire ta su yar. Gara a sayo wata a Ƙofar Ruwa a sa, don in babu ita inji kan daɗe bai ɗumama ba da sanyin safiya, ya riƙa shan mai.

Babbar cuta ita ce ƙonewar gaskit. Alamarta farin hayaƙi mai yawa daga salansa, da kumfa na tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. In an ga haka, kada a sake tuƙa ta. A jawo ta zuwa wurin bakanike.

Ke mai mota

Ki sa a duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin a ta da ita. Jarkar ruwa mai tsabta kada ta rabu da bayanta. A sake murfin lagireto in robarsa ta cinye, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki hana fasa ƙwai ko zuba gari a lagireto wai don toshe huji, gama ya kan toshe har inda ba a nufa ba. In da hali, a riƙa sa ruwan nan mai launi na kanti da a ke kira kulan, yana hana tsatsa. Amma fa guba ne, ga shi da zaƙi a baki. Ki ɓoye shi inda hannun yaro ba ya kai, kada kuwa a zuba shi a kwalbar lemo.

In wani ya ƙone

A riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ban da gishiri ko man goge baki. Kada a fasa bororon. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi Babban Asibitin Gaya ko asibitin da ya fi kusa, musamman in yaro ne, ko kuwa fuska ce ta ƙone.

To, 'yar'uwa, ki karanta wa maigida wannan, ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya boko ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.