Kunkunniyar Inji: Abin da Ke Shaƙe Motocin Shanu a Hanyar Kudu

 A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan aje zancen farashi da kuɗin dwan, mu taɓo wata magana wadda da yawanmu ke ɗauka ta makanikai ce kurum, alhali kuwa aljihunmu take ci.

Bara da bazara muka yi lodin shanu 32 a karar Maigatari ranar Alhamis, za mu Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Tun daga Kaduna direba ya ce mana, "Alhaji, motar nan ba ta ja." Muka ce a lallaɓa. Bayan mun haye gadar Jebba sai ta kasa hawa, ta ɗauki zafi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe hanya. Wuni guda cur muka yi cikin rana. Bijimai biyu suka kwanta, ɗaya sai wuƙa aka sa masa, mahautan bakin hanya suka saye shi ƙasa da rabin kuɗinsa. Da makanike ya kwance bututun da iska ke bi zuwa cikin inji, sai ga shi cunkushe da wani baƙin abu mai danƙo, irin kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa. Hanyar da hannun yaro zai shiga ta koma yatsa biyu ma da ƙyar. Tun daga ranar muka shiga tambayar masu sana'ar, ga kuma abin da muka samo.

Daga ina take zuwa?

Inji numfashi yake yi kamar sa. Kafin lita 1 ta fetur ta ƙone sarai, sai inji ya shaƙi iska wajen lita 9,000, mai aiki da gazuwal ma ya fi haka shaƙa. To, in hanyar iskar ta toshe, mai zai shiga amma ba zai ƙone duka ba. Abin da bai ƙone ba shi ne baƙin hayaƙin da muke gani a salansa, watau kuɗinmu ne ke tashi sama.

Abu biyu ne ke haɗuwa su haifi kunkunniyar. Na farko tururin baƙin mai. Kowane inji yana fitar da shi daga ƙasa, kuma a yawancin motocin yanzu akwai ɗan tiyo da ke mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. In tarbo ya fara yoyo, sai baƙin man ya ƙaru. Na biyu kuwa hayaƙin salansa. Motocin da ake kawo mana na hannu daga Turai, manya da ƙanana irin su Hilux, da yawansu suna da wani bawul da ake kira EGR. Aikinsa shi ne ya komar da wani kashi na hayaƙin cikin inji, don zafin ƙonewa ya ragu, gubar da ke fita ta yi sauƙi. Hayaƙi busasshe ne, baƙin mai kuwa danƙo gare shi. In suka gamu sai su zama kamar kwalta, su manne a bangon bututu da bayan bawul, yau kaɗan gobe kaɗan.

Wani zai ce, ai mun yi shekaru da Fijo 504 ba mu san wannan ba. Gaskiya ne. A 504 mai kafireto, fetur da iska tare suke tafiya, saboda haka fetur ɗin yana wanke bayan bawul a kan hanyarsa. A injin gazuwal kuwa, da wasu sabbin injunan fetur, nozul kai tsaye yake fesa mai cikin silinda. Babu abin da ke wanke hanyar iska.

Daɗin daɗawa, irin aikinmu yana ƙara wa abin gudu. Mota takan yi sa'o'i tana kunne a tsaye, a kara ana lodi, ko a kan iyaka ana jiran takardu. Injin da ke aiki a tsaye ba ya ɗaukar zafin da ya kamata, ya fi yin hayaƙi. Ga ƙurar hunturu da ke cika matatar iska, wadda wasu ke kira iya-kilina, wasu filtar. Ga kuma man bakin hanya, wanda a wajenmu ake ce wa ruwa-ruwa, a Kamaru zuwa-zuwa, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

Yadda za ka gane

Mota ta rage ƙarfi a hawa, tana shan mai fiye da sabo, tana karkarwa in tana tsaye, wani lokaci fitilar inji ta kama a gaban direba. Sai a dubi launin hayaƙi. Baƙi yana nufin iska ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko ruwa ne ke shiga silinda, ko gazuwal ne bai kama ba. Kada a yarda a kwance inji tun ba a duba masu sauƙi ba. A fara da matatar iska, da tiyon tarbo ko ya tsage, da nozul. Tsofaffin manyan motoci da ba su da EGR, galibi nan ciwonsu yake.

Yadda ake wankewa

In ta tabbata kunkunniya ce, a bar inji ya huce, a cire kan batir. Makanike zai kwance bututun iska da bawul ɗin EGR. Nan take a toshe ramukan da suka buɗe a jikin inji da tsumma mai tsabta, don ko ɗan noti ne ya faɗa ciki, fistin ya tafi. A jiƙa bututun cikin kananzir ko maganin wanki na musamman, a kankare da itace ko roba, a goge da buroshi, a ɗauraye, a bari ya bushe ƙayau. Wasu sukan babbake shi da wuta. In na roba ne zai narke, in na alminiyam ne yana iya lanƙwashewa ya riƙa shan iska ta gefe.

Wankin bayan bawul shi ne mai wuya. Sai an juya inji da hannu har bawul ɗin silindar da ake aiki a kanta ya rufe ruf, sannan a kankare, a zuƙe dattin, a wuce ta gaba. A Turai da garin ɓawon wani irin ƴaƴan itace suke fesawa, don yana cire datti ba ya cin ƙarfe. Wanda ya ce zai fesa maka yashi, ɗauke motarka. Ɗan na'urar da ke auna iska kusa da matata, kada a taɓa wayarta da hannu ko fetur, tana da nata maganin. A mayar da sabon gasket, a fidda tsummokin nan duka a ƙirga su, sannan a canja baƙin mai da matatarsa.

Abubuwa uku muke jan kunne a kansu. Kada a ɗura ruwa a hanyar iska inji na aiki, wai don ya wanke, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Kada a fesa fetur ko wani abu mai kamawa cikin injin gazuwal yana kunne, don yana iya ɗaukar gudu da kansa, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba. Maganin da ake zubawa a tanki kuwa yana iya taimakon nozul, amma a injin gazuwal ba ya bi ta hanyar iska, balle ya wanke ta. Akwai kuma masu toshe EGR gaba ɗaya. Kunkunniya takan ragu, amma gubar hayaƙi tana ƙaruwa, a wasu motocin kuma kwamfutar inji sai ta kunna fitila ta rage wa motar ƙarfi.

Shawararmu ga fatake

Yawancinmu haya muke ɗauka, ba mu da mota. To, kafin a hau da sa na farko, a sa direba ya tada inji ya taka, mu tsaya bayan salansa mu gani da idonmu. A tambaye shi yaushe aka canja baƙin mai da matatar iska. Motar da aka rage maka jika goma a kanta, ta kwana da kai a daji, ba ta yi araha ba. Masu motoci kuma, a duba matata kowace tafiya lokacin hunturu, a kashe inji in jira zai yi tsawo, a yi gyara tun kafin cunkoson Layya. Dabbobin nan amana ce a hannunmu, ba su da bakin faɗin ƙishirwa.

Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan a hanyar Mubi, Gamboru ko Konni, ya aiko mana ta hannun sakataren reshensa don sauran ƴan'uwa su ƙaru. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.